Fanny Crosby: Makauniyar da ta Ajiye Maganar Allah a Zuciya

Da yawa daga cikinmu mun soma rera waƙoƙin wata mata tun muna makarantar Lahadi, ba tare da mun taɓa jin sunanta ba. Mun rera su a sujadar safe, a taron Zumuntar Mata, a gidan biki, har da bakin kabari. An juya wasunsu zuwa Hausa da sauran harsunanmu tun da daɗewa, har yaranmu suna tsammani a nan gida aka tsara su. Sunan matar Fanny Crosby. 'Yar ƙasar Amurka ce, ta rayu daga 1820 zuwa 1915, kuma a dukan waɗannan shekaru ba ta taɓa karanta ko da aya ɗaya ta Littafi Mai Tsarki da idonta ba, domin makauniya ce tun tana jaririya. Duk da haka, a zamaninta samun wanda ya san Littafin kamar yadda ta san shi sai an tona. Yadda Littafin ya shiga cikinta, da abin da ya yi bayan ya shiga, shi ne muke so mu duba tare.

An haife ta ranar 24 ga Maris, 1820, a wani ƙauye a gundumar Putnam, kimanin mil 50 arewa da birnin New York. Iyayenta talakawa ne. Tana da mako 6 a duniya mura ta kama ta, idanunta suka kumbura. Aka kira wani mutum da ke cewa ya iya magani, ya ɗaura mata haɗin garin mastad mai zafi a idanu. Kumburi ya tafi, gani ma ya tafi. Haka ita da danginta suka ba da labarin, ko da yake likitocin baya sun ce mai yiwuwa da makantar aka haife ta, ba a dai lura da wuri ba. Ko ma wanne ne, idon jariri ba wurin gwajin magani ba ne, kuma har yau akwai gidajenmu da suke bukatar jin wannan. Kafin shekarar ta ƙare mahaifinta, John Crosby, ya rasu. Mahaifiyarta, Mercy, tana da ƙuruciya sosai, dole ta shiga aikatau a gidajen masu hali, ta bar jaririyar a hannun kakarta, Eunice. Da yarinyar ta kai shekara 5, maƙwabta suka yi karo-karo aka kai ta birni wurin Dakta Valentine Mott, shahararren likitan fiɗa na lokacin. Ya duba ya ce ba abin da za a iya yi. Suka komo gida.

Ya kamata mu tsaya mu dubi kakar nan, domin ba don ita ba, da wataƙila ba mu ji labarin jikar ba. Matar ƙauye ce, ba ta da dukiya, amma ta ƙudurta ba za ta bar yarinyar ta zauna a ɗaki ana jin tausayinta ba. Sai ta mai da kanta idon jikarta. Takan riƙe hannunta su fita, ta sa mata ganye a tafin hannu ta faɗi itacen da ya fito, ta miƙa mata fure ta shinshina ta gaya mata sunansa, su tsaya su saurari kukan tsuntsu ta kwatanta mata kamanninsa. Takan bayyana mata fitowar rana da faɗuwarta, da gajimare, da taurari. Haka kuma ta yi mata da Littafi Mai Tsarki. Takan zaunar da ita kusa, ta karanta a hankali, ta tsaya ta yi bayani, ta sake karantawa. Ta koya mata ta durƙusa ta kai wa Allah kukanta duk lokacin da abu ya dame ta. Mu lura, ba da tilasta hadda aka fara ba. An fara da labari, da bayani, a bakin wadda yarinyar take ƙauna. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta umarci iyaye su riƙa yi wa 'ya'yansu zancen Maganar Allah a gida da kan hanya, safe da dare. Uwa tana can wurin neman abinci, sai kaka ta ɗauki kayan. Timoti ma a wurin kakarsa Loyis bangaskiyar gidansu ta fara.

Tana shekara 8 Fanny ta tsara 'yar waƙarta ta farko, inda ta ce ko da yake ba ta gani, ta yanke shawara za ta zauna da wadar zuci, ba za ta ɓata ranta da kukan makanta ba.

A daidai wannan lokaci aiki ya kai mahaifiyarta garin Ridgefield a jihar Connecticut, suka kama zama a gidan wata mata, Uwargida Hawley, mai tsananin riƙo da Littafi Mai Tsarki. Tunda Mercy tana fita aiki, yarinyar takan wuni a wurin matar gidan. A lokacin babu Littafi na makafi da za a miƙa mata ta bi da yatsa. Hawley ta ga cewa in har yarinyar nan za ta mallaki Littafin, sai dai ta ɗauke shi a ka. Sai ta yanka mata aiki: kowane mako akwai abin da za ta haddace, wani makon har sura biyar. Matar ta karanta, yarinya ta maimaita, layi bayan layi, har ya zauna. Kafin Fanny ta cika shekara 15 ta haddace littattafan Musa guda biyar, daga Farawa zuwa Maimaitawar Shari'a, da Matiyu, Markus, Luka da Yohanna, da Karin Magana, da Waƙar Waƙoƙi, da Zabura masu yawa.

Bari mu ɗan yi lissafi, don kada abin ya zama mana kamar tatsuniya. Littattafan Musa sura 187 ne. Bisharun nan huɗu sura 89. Karin Magana 31, Waƙar Waƙoƙi 8. Jimla 315 ke nan, ban da Zabura. In aka raba wannan a kan shekara biyar, sura ɗaya ce da 'yan ayoyi a kowane mako. Ba muna cewa aiki ne mai sauƙi ba. Duk wanda ya gwada haddace Firistoci sura 13, inda ake bayanin cututtukan fata, ko jerin sunayen da ke Littafin Ƙidaya, zai sara wa yarinyar nan, kuma ba shakka Allah ya ba ta ƙwaƙwalwa ta musamman. Amma lissafin ya nuna mana ba abin dare ɗaya ba ne. Kaɗan-kaɗan ne, mako bayan mako, da babba a gefe yana sauraro yana gyarawa. Sa'an nan sura sukutum take ɗauka, ba aya ɗaya da aka tsinko daga tsakiya ba, saboda haka ta san abin da ya zo kafin kowace aya da abin da ya biyo bayanta.

Mu da muke zaune a arewa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Muna da maƙwabta Musulmi da yaransu suke haddace littafin addininsu daga farko har ƙarshe, da allo da tilawa, asuba da dare. Mun ga abin da kan yaro zai iya ɗauka. Mu kuwa sau da yawa mun tsaya a ayar haddacewa guda ɗaya ta makarantar Lahadi, wadda yaro zai faɗa da ƙarfi a tafa masa, kafin Laraba ta bi iska, domin ba wanda zai sake tambayarsa a gida. Laifin ba na yaran ba ne.

Kakarta ta rasu Fanny tana wajen shekara 11. A haɗuwarsu ta ƙarshe tsohuwar ta tambaye ta ko za su sadu a gidan Uba a sama. Yarinyar ta amsa da i, amma tambayar ta maƙale mata a rai shekara da shekaru.

A watan Maris na 1835 ta shiga makarantar makafi ta birnin New York, abin da ta daɗe tana roƙon Allah. Ta yi shekara 23 a wurin, da farko ɗaliba, daga baya malama mai koyar da nahawun Turanci da tarihi. Lissafi kam ta ƙi jininsa, ba ta kuma ɓoye ba. Ta iya kiɗan fiyano da gita, amma karatu da yatsa bai taɓa yi mata sauƙi ba, har ƙarshen ranta karanta mata ake yi tana riƙewa. Baiwar tsara waƙa ce ta fito da ita fili. In babban baƙo ya ziyarci makarantar, ita ake sa ta tarbe shi da baitoci. A 1844 ta tsaya a gaban 'yan majalisar dokokin Amurka a Washington ta karanta waƙa don neman a tallafa wa ilimin makafi, a shekarar kuma aka buga littafinta na farko. Wani saurayi da ya yi aikin akawu a makarantar, wanda yakan zauna ya rubuta mata waƙoƙi tana faɗa, shi ne Grover Cleveland, wanda daga baya ya shugabanci Amurka har sau biyu.

To, ga mace mai kusan shekara 30, sananniya, mai zuwa sujada, mai ɗauke da surori ɗaruruwa a ka. Da a ikkilisiyarmu take, da tuni mun ba ta aji ta koyar, ba kuwa wanda zai yi tunanin tambayarta ko ta sami ceto. Amma ita ta san ba ta da salama. A 1849 annobar kwalara ta faɗa wa birnin New York, ta kashe mutum fiye da 5,000. Fanny ba ta gudu ba, ta tsaya a makaranta tana taimakon jinyar marasa lafiya, wasu daga cikin ɗaliban kuwa suka mutu. Ta fita daga wannan annoba a raunane, jiki da zuciya. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, da ita cutar ta ɗauka, ina ta nufa? Sai kuma ta yi mafarki wani abokinta yana bakin mutuwa, yana tambayarta ko za su sadu a sama, daidai irin tambayar kakarta. Ta farka ta tarar abokin lafiyarsa ƙalau, amma hankalinta bai kwanta ba.

A watan Nuwamba na 1850 aka yi taron falkaswa a wata majami'ar Methodist da ke titi na 30 a birnin. Sau biyu tana fita gaba a yi mata addu'a, tana komawa yadda ta zo. A karo na uku, ranar 20 ga wata, jama'a suna rera wata tsohuwar waƙar Isaac Watts a kan mutuwar Yesu a gicciye. Da aka kai baitin da ke maganar mai zunubi ya miƙa kansa ɗungum ga Ubangiji, sai abin ya buɗe mata. Daga baya ta bayyana cewa a daren ne ta gane ashe tana ta ƙoƙarin riƙe duniya da hannu ɗaya, Ubangiji da ɗayan.

A nan muke so mu daɗe kaɗan, domin yana da sauƙi a kama gefe ɗaya na labarin a saki ɗayan. Hadda ba ceto ba ce. Fiye da shekara 15 Bisharar Yohanna tana cikin kan Fanny, har da sura 3 da dukan abin da Yesu ya faɗa wa Nikodimu a kan sabuwar haihuwa. Tana iya kawo ta ba tuntuɓe, amma ba ta da tabbacin inda za ta in ta mutu. Yesu ya yi wa shugabannin Yahudawa faɗa a kan irin wannan a Yohanna 5:39-40, cewa suna ta binciken Littattafai amma sun ƙi zuwa wurin wanda Littattafan suke yi wa shaida. Shaiɗan ma ya jawo Zabura 91 lokacin da yake jarabtar Ubangiji. Yaron da ya ci gasar hadda a taron matasa yana bukatar a yi masa bishara kamar kowane yaro.

Amma wanda zai ce to ashe Hawley ɓata lokacinta ta yi, bai san noma ba. Manomanmu sun san binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Mai wucewa zai ga gona fayau ya ce ba a yi komai ba. Ran da ruwan farko ya sauka, a ranar ake gane gonar da aka binne da wadda aka bari. Ruwan Fanny ya sauka a 1850, ya kuwa tarar da iri a ƙasa. Yesu ya yi alkawari a Yohanna 14:26 cewa Ruhu Mai Tsarki zai tuna wa almajirai abin da ya faɗa musu, tuni kuwa sai da abin da aka taɓa ji. Iyayen da suke kuka yau a kan ɗan da suka koya wa Maganar Allah amma ya bauɗe, su dubi tazarar da ke tsakanin ɗakin Hawley da daren nan na Nuwamba.

Ba nan take ta zama mai tsara waƙoƙin sujada ba. Ta yi shekaru tana rubuta waƙoƙin nishaɗi tare da wani mawaƙi, George Root, wasu sun yi tashe ƙwarai, ita kuwa dala ɗaya ko biyu ake biyanta. Ranar 5 ga Maris, 1858, ta auri Alexander van Alstyne, makaho shi ma, gwanin kiɗa, ta bar koyarwa. A 1859 suka sami haihuwa, jaririn bai daɗe ba ya rasu, ba su kuma sake samu ba. Fanny da ke da baiti a kan kusan kome ba ta cika zancen wannan rashi ba, sai can da tsufa, shi ma a taƙaice. Zaman auren ma bai tafi yadda aka so ba. Daga wajen 1880 ba sa zama gida ɗaya, ko da yake ba su rabu ba har ya rasu a 1902. Muna faɗin wannan don kada a zaci wanda ya cika da Maganar Allah ya tsallake baƙin cikin duniya.

A farkon 1864, tana gab da cika shekara 44, aka haɗa ta da William Bradbury, mai buga littattafan waƙoƙin makarantar Lahadi. Ya ce ta gwada masa waƙa ɗaya, cikin 'yan kwanaki ta kawo. Tun daga nan ta gane ta sami aikin rayuwarta. Cikin shekara 50 da suka biyo baya ta tsara waƙoƙin sujada fiye da 8,000. Sun yi yawa har masu bugawa suka riƙa sa musu sunayen aro kusan 200, don kada mai sayen littafi ya ga sunan mutum ɗaya shafi bayan shafi.

Yadda take aikin shi ya fi jan hankalinmu. Ba ta iya rubutu da hannu ba, in ban da sunanta. Takan jira dare ya yi, gida ya yi tsit, ta fara da addu'a, ta riƙe wani ɗan ƙaramin littafi a hannu don tattara hankali, sa'an nan ta gina waƙar baiti-baiti a cikin kanta, ta gyara ta a can, ta ajiye. In gari ya waye ta faɗa wa mai rubuta mata. Akwai lokacin da ta riƙe waƙa wajen 40 a ka kafin a rubuta su. Ba ta da littafin neman ayoyi da za ta buɗe, ba ta da wanda za ta tasa da tsakar dare ya duba mata wani wuri a Fitowa. Abin da ke cikin rumbu, shi take ɗebowa.

In muka saurari waƙoƙin da kunnen wanda ya san Littafi, za mu ji inda ta ɗebo su. Ana ba da labari cewa a 1868 ta je yin magana a wani kurkuku a New York, sai wani ɗan sarƙa ya ɗaga murya yana roƙon Ubangiji kada ya wuce shi. Daga nan aka sami waƙar nan da ake yawan rerawa lokacin kiran tuba. Wanda ya san Markus sura 10 zai ji muryar Bartimawas a cikinta, makahon nan mai bara a bakin hanyar Yariko, wanda ya ji Yesu yana wucewa ya ƙi yin shiru ko da jama'a suka kwaɓe shi. Makauniya ta haddace labarin makaho tun tana yarinya, bayan shekara talatin da wani abu ta ji shi a bakin ɗan kurkuku, ta kuwa gane shi.

A shekarar nan kuma William Doane, ɗan kasuwa mai tsara sautin waƙa, ya faɗo mata gida da gaggawa, saura minti 40 jirgin ƙasansa ya tashi. Ya rera mata wani sabon sauti ya ce yana son kalmomi. Kafin ya fita ta ba shi waƙar da ke kwatanta mai bi kwance lafiya a hannuwan Yesu. Mutane sukan yi mamakin saurin, amma hoton ba a cikin minti 40 aka ƙera shi ba. Yana cikin Maimaitawar Shari'a 33:27, inda Musa ya yi zancen madawwaman hannuwan Allah, yana kuma cikin Markus 10:16, inda Yesu ya rungumi yara ƙanana. Ita kuwa ta binne nata jaririn shekara 9 kafin wannan rana. Ba mamaki waƙar ta zama ta'aziyya ga iyaye mata da yawa da suka rasa 'ya'ya.

A 1873 ƙawarta Phoebe Knapp ta kaɗa mata wani sauti ta tambaye ta abin da yake faɗa mata, aka sami waƙar da ake kira Blessed Assurance, wadda take kan tabbacin ceto, daga bakin matar da ta yi shekaru ba ta da shi. Wata rana kuma kuɗin haya dala biyar ya gagare ta. Ta yi addu'a, ba a jima ba wani mutum ya miƙa mata daidai dala biyar. Waƙar da ta fito daga wannan, wadda aka buga a 1875, ba ta ambaci haya ko dala ba. Cike take da tafiyar Isra'ilawa a jeji, da abinci daga sama, da ruwa yana ɓuɓɓugowa daga dutse, wato Fitowa sura 16 da 17. A ganinmu a nan ne za a gane mutumin da Littafi ya shiga jikinsa. Ƙaramar damuwa ta same shi da safe, sai ya ga ashe akwai ta a cikin labarin jama'ar Allah, ya kuma san yadda labarin ya ƙare. A 1890, tana shekara 70, ta tsara waƙa a kan yadda Ubangiji yake ɓoye rai a tsagar dutse ya rufe shi da hannunsa. Wannan Fitowa 33:22 ce, abin da Allah ya yi wa Musa. Ta ajiye ayar tana yarinya a gidan Hawley, ta yi wajen shekara 60 a ajiye, ba ta ruɓe ba.

Ba dukan waƙoƙinta ne masu kyau ba, kuma ba sai mun yi mata ƙarya ba. Masanan waƙa na zamaninta sun ce yawancinsu ba su da nauyi, sun cika maimaita abu ɗaya, galibinsu kuwa an manta da su. Wanda yake tsara waƙa shida ko bakwai a rana ba zai rasa ƙaiƙayi ba. Amma ita ba don masana take yi ba. Tana so mai wanki da ɗan dako su iya riƙe waƙar daga ji ɗaya ko biyu. Kolosiyawa 3:16 ta haɗa abu biyu wuri ɗaya, zaman Maganar Almasihu a cikin masu bi a yalwace, da koya wa juna ta wurin zabura da waƙoƙi. Abin da Hawley ta yi mata da maimaitawa, shi ta yi wa miliyoyin mutane da sauti.

Ba a waƙa kaɗai Maganar ta fito ba. Ta zaɓi zama a unguwannin talakawa na New York, a ɗakunan haya, abin da ya wuce bukatarta kuwa takan bayar. Shekara da shekaru tana zuwa gidajen ceton mashaya da marasa wurin kwana, irin su Bowery Mission da wanda Jerry McAuley, tsohon ɗan kurkuku, ya buɗe a titin Water a 1872. Takan zauna a tsakiyar mazan nan da warin giya yake tashi daga jikinsu, ta yi hira da su ɗaya-ɗaya. Ra'ayinta shi ne mutum ya riga ya san zunubinsa, abin da bai sani ba shi ne akwai gafara tana jiransa. Suna kiranta Anti Fanny.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka baza waƙoƙinta a duniya shi ne Ira Sankey, mawaƙin da ke tafiya tare da mai bishara D. L. Moody a manyan tarurruka a Amurka da Ingila. Mutum ne mai ido, mai karatu. A 1903 ciwon ido ya makantar da shi, ya yi shekara biyar a duhu kafin ya rasu a 1908. Tsohuwar makauniya ce take zuwa gidansa ta zauna da shi, su yi waƙa, ta ƙarfafa shi.

Labarin Sankey ya fi na Fanny kusa da mu, domin ba wanda yake da tabbacin Littafin zai kasance a hannunsa kullum. Muna da dattawa a ikkilisiyoyinmu da suka yi shekara 40 suna karatu, yau yanar ido ta raba su da shafi. A shekarun nan 'yan'uwanmu da yawa sun gudu daga ƙauyukansu da dare da tufafin jikinsu kaɗai, Littafi ya ƙone tare da ɗaki. Wasu sun yi makonni a daji a hannun masu garkuwa da mutane. Wanda Littafinsa yake cikin waya, ran da aka ƙwace wayar ko caji ya ƙare, me ya rage masa? Ubangijinmu kansa ba da naɗaɗɗen littafi ya shiga jeji ba, amma sau uku ya amsa wa mai jaraba daga Maimaitawar Shari'a. Akwai kuma iyayenmu mata da ba su sami shiga makaranta ba, suna ganin kamar Littafin na masu karatu ne. Fanny ta kunne ta samu nata duka. Jika ya karanta, kaka ta maimaita, kamar yadda aka yi a gidan Hawley, sai dai an juya wurin zama. A fara da Zabura 23 ko 121, ko Yohanna 14, a bi sura ɗaya har ta ƙare, a riƙa juya ta a baki a hanyar gona ko wurin surfe, ranar Asabar a kawo wa wani ya saurara. In an ɗauki sabuwa kada a yar da tsohuwa.

Sau da yawa mutane sukan tausaya wa Fanny a kan makantarta, ita kuwa takan ce ba ta riƙe mai maganin nan a zuciya ba, har ma da za a ba ta zaɓi da ta zauna a yadda take, domin fuskar farko da za ta gani ita ce ta Mai Cetonta. A 1891 ta tsara wata waƙa don kanta kaɗai, ta fara ta da hoton tsinkewar igiyar azurfa da ke Mai Hadishi 12:6, ta kai ta ga ganin Sarki fuska da fuska. Ba a buga ta ba, sai a 1894 ta karanta ta a wani taro a Northfield, garin Moody, daga nan ta bazu.

A 1900 ta koma garin Bridgeport a Connecticut wurin 'yan'uwanta mata. Ta ci gaba da tafiye-tafiye tana magana a ikkilisiyoyi har ta haura shekara 90. A daren ƙarshe na rayuwarta ta sa aka rubuta mata wasiƙar ta'aziyya zuwa ga wasu da suka rasa 'yarsu. Ta rasu da asubahin 12 ga Fabrairu, 1915, saura mako shida ta cika shekara 95. Aka binne ta a maƙabartar Mountain Grove da ke garin, aka kafa ɗan ƙaramin dutse kamar yadda ta so. Sai a 1955 aka ƙara wani babba. A kan ƙaramin an rubuta sunan da talakawan New York suke kiranta da shi, da maganar da Yesu ya yi a Markus 14:8 don kāre matar nan ta Betanya da ta zuba masa turare, daga littafin da Fanny ta haddace tun ba ta kai shekara 15 ba.